Ferrari F355 da Muhawarar Taimin Bel: Shekara Uku ko Biyar?

Idan za a sauya taimin bel na motar Ferrari F355, ba bonet ake buɗewa a zura hannu ba. Motar ake ɗorawa a kan na'urar ɗagawa, a zuƙe ruwan lagireto, a cire wayoyi da bututun fetur da na birki ɗaya bayan ɗaya, a tura wani teburin ƙarfe mai taya ƙarƙashinta, a kwance kusoshin da ke riƙe da firam ɗin baya, sannan a ɗaga gangar jikin sama. Inji da giya da ƙafafun baya duk su zauna a kan teburin wuri guda, jikin motar kuma yana sama, bayansa wayam. Aikin kwanaki ne ga ƙwararren makanike, kuma a Turai da Amurka kuɗinsa dubban daloli ne. Abin da ake shan wannan wahala dominsa kuwa bel biyu ne na roba masu haƙora, faɗin kowannensu bai fi yatsu biyu ba, kuɗinsu kuma bai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da ladan aikin.

Shi ya sa masu irin wannan mota suka shekara da shekaru suna jayayya a kan tambaya guda: yaushe ya kamata a yi? Shawarar da kamfanin ke bayarwa ta bakin dilolinsa ita ce shekara 3 ko mil 30,000, wato kimanin kilomita 48,000, duk wanda ya riga cika. Makanikai masu zaman kansu da suka ƙware a kan Ferrari da yawa suna cewa shekara 5 ta wadatar. Akwai kuma waɗanda suka bar nasu ya zarce haka nesa, suka fito da shi suna nuna wa jama'a, suna cewa ku duba, kamar jiya aka saka shi.

Maganar kilomita ba ta cika shiga lissafi ba, domin ba motar zuwa ofis ba ce. An ƙera F355 a Maranello da ke arewacin Italiya daga 1994 zuwa 1999, kuma duka-duka waɗanda aka yi ba su wuce 11,000 da 'yan kai ba. Yawancinsu yau suna rufe a gareji, ana fito da su in gari ya yi kyau, a zaga a mayar. Wata sai ta yi shekara 10 ba ta ci kilomita 48,000 ba. Ke nan mai ita kalanda yake kallo, yana tambayar kansa ko robar da ba ta yi wani aikin kirki ba ta isa a jefar.

Abin da bel ɗin ke riƙe da shi

Duk wanda ya taɓa riƙe Peugeot 406 ya san gargaɗin makanike a kan taimin bel, alhali mai tsohuwar 504 ta Kaduna bai san wannan fargaba ba, domin injinta sarƙa gare shi. Aikin iri ɗaya ne ko a 406 ko a Ferrari. A ƙasan inji akwai karanshaf wanda fistin-fistin ke juyawa. A sama akwai kamshaf mai buɗe bawul ya rufe, iska da fetur su shiga, hayaƙi ya fita. Bel ne ke haɗa su, yana sa kamshaf ya yi zagaye ɗaya duk lokacin da karanshaf ya yi biyu, ba ƙari ba ragi. Haƙoran da ke jikinsa su ne ke hana shi zamewa.

A injinan da aka ƙera don ƙarfi, fistin da bawul wuri ɗaya suke shiga a cikin silinda, lokacinsu ne kawai ya bambanta, kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya: taɓaryar wannan tana sauka, ta waccan tana sama, kuma muddin ba a saɓa ba, babu karo. Injin F355 mai silinda 8 ne, lita 3.5, ƙarfin doki 380, kuma kowace silinda bawul 5 gare ta, 3 na shiga 2 na fita, jimilla 40. Yana iya kai zagaye 8,500 a minti ɗaya. A wannan gudun karanshaf na juyawa kusan sau 140 a daƙiƙa guda, kowane bawul kuma yana buɗewa ya rufe kusan sau 70. Idan bel ya tsinke, kamshaf ya tsaya cik da wasu bawul a buɗe, fistin kuma bai san an tsaya ba, sai ya taso ya same su. Kafin direba ya ɗaga ƙafa daga totur an gama ɓarnar.

Mafi sauƙin abin da za a tarar shi ne lanƙwasassun bawul. Tunda bel biyu ne, kowanne na kula da ɓangare ɗaya na injin mai silinda 4, bawul 20 ke cikin haɗari a lokaci guda. In abin ya zo da tsautsayi, kan bawul ya ɓalle ya faɗa cikin silinda, fistin ya yi ta dukansa da tof silinda har ya huda ɗaya ko ya fasa ɗayan. A motar da ake da miliyoyinta a duniya, sai a je kasuwa a sayo wani inji a ɗora. A nan babu wannan gata. Tof silinda na F355 sai an nema, sau da yawa daga jikin wata da ta yi haɗari, kuma in har ta kai ga sauya inji ɗungurungum, motar ta rasa wani abu da ba ya dawowa, domin masu tara irin waɗannan motoci suna duba ko lambar inji ita ce wadda motar ta fito da ita daga masana'anta. Sashen Ferrari Classiche da kamfanin ya buɗe a 2006 domin tantance tsofaffin motocinsa yana duba irin waɗannan lambobi kafin ya ba da takardar shaida.

Ba duk inji ne haka ba. Toyota Camry ta shekarun 1990 mai inji lita 2.2, in bel ɗinta ya tsinke, mutuwa kawai za ta yi a gefen hanya, a saka sabo a ci gaba da tafiya, saboda an bar tazara tsakanin fistin da bawul. Amma wannan tazara tana rage ƙarfi, masu ƙera motar gudu kuwa ƙarfin suke sayarwa.

Yadda roba ta shiga injin Ferrari

Motar farko da aka ƙera da yawa da taimin bel ita ce Glas 1004 ta ƙasar Jamus, a 1962. Fiat ta biyo baya a 1966 da injinta mai kamshaf biyu na 124, wanda injiniya Aurelio Lampredi, tsohon ma'aikacin Ferrari, ya tsara. Dalilan a bayyane suke: bel ba shi da nauyi, ba shi da ƙara, ba ya buƙatar mai, kuma ya fi sarƙa araha. Ferrari ta karɓe shi a 1973, a Dino 308 GT4 mai silinda 8 da kuma 365 GT4 BB mai silinda 12.

A motocin 308 da 328 an kwantar da injin ne a gicciye bayan kujeru, don haka bel ɗin yana fuskantar tayar baya ta dama. A cire tayar, a cire marfin da ke bayanta, hannu ya kai. Da aka zo kan 348 a 1989, sai aka juya injin ya miƙe da tsawon mota, gabansa, inda bel yake, ya manne da tankin mai da bangon da ke bayan direba. F355 ta gaji wannan tsari, ta gaji wahalarsa. Kamfanin da kansa ya gane nauyin da ya ɗora wa masu saye: a 360 Modena ta 1999 an yi wata ƙofa a bayan kujeru da makanike zai buɗe ya kai ga bel ba tare da sauke inji ba, sannan a F430 ta 2004 aka koma sarƙa gaba ɗaya. Wato 348 da F355, tare da Ferrari Testarossa da danginta, su ne suka faɗo a zamanin da muhawarar ta fi zafi, domin a kansu ne kuɗin rigakafi ya yi tsada har mutum zai tsaya ya yi tunani.

Me ke tsufar da bel a motar da ba ta motsi?

In aka yanka bel aka duba cikinsa, abu uku za a gani. A tsakiya akwai igiyoyin zaren gilashi, su ne ƙashin bayansa, su ke hana shi miƙewa. Roba ta lulluɓe su, ita ce kuma aka zuba ta zama haƙora. A saman haƙoran akwai yadin nailan da ke kare su daga gogayya da ƙarfe. Robar da, wadda ake kira niyofirin, zafi na saurin busar da ita. Daga shekarun 1980 aka fara amfani da wata mai suna HNBR da ta fi jure zafi da mai, kuma wannan na cikin hujjojin masu cewa a ƙara wa'adi.

Sai dai roba ko wace iri ce tana tsufa ko ana aiki da ita ko ba a yi. Iska na cin ta, zafi na ƙara mata tauri. A motar da injinta ke tsakiya, ɗakin injin matsattse ne, bututun hayaƙi masu tsananin zafi suna kusa, kuma bayan an kashe mota zafin yana daɗewa bai fita ba. Ajiya ma tana da nata sharri. Bel da ya yi watanni a naɗe jikin ƙaramin fuli ba tare da ya juya ba yana ɗaukar siffar wurin. Danshi na sa tsatsa ta kama fulin ƙarfe, tsatsar kuma ta riƙa goge yadin haƙora in an tayar. Sil-sil na bakin kamshaf, da ba su samun mai mai ɗumi yana ratsa su, sai su bushe su fara yoyo, baƙin mai kuwa in ya jiƙa bel, yana narkar da abin da ya haɗa roba da igiyoyinta.

Akwai abin da mutane ba su cika sani ba: bel bai cika tsinkewa biyu ba kamar igiya. Abin da ya fi faruwa shi ne haƙora su ɓare a jere a daidai fulin karanshaf, fulin ya yi ta juyawa a wuri mai santsi, bel yana tsaye. Kuma sau da yawa lokacin tayar da inji mai sanyi ne hakan ke faruwa, lokacin da kamshaf ke da nauyin juyawa. Ko kuma bel ya yi sako-sako ya tsallake haƙori ɗaya ko biyu, lissafi ya goce.

Abin da makanikan Ferrari suka fi tsoro ma ba robar ba ce, boris ne. Kowane bel yana da ƙaramin fuli mai boris da ke danne shi ya ɗame shi, wanda ake kira tenshina. Giris ɗin da ke cikin boris ɗin a rufe yake tun daga masana'anta, kuma shekaru da zafi suna busar da shi. Ranar da ya ƙafe, bel zai riƙa gogar ƙarfen da ba ya juyawa har ya ƙone, ko boris ɗin ya tarwatse bel ya zame. Ta wannan hanya sabon bel ma yana iya hallaka inji. A 348 lamarin ya fi haka sarƙewa, domin bel guda ɗaya ne ke juya kamshaf 4 duka, shi ne kuma ke juya famfon ruwa. Famfon ya cije, komai ya tafi tare.

Wasu motocin sun koya wa duniya wannan darasi ta hanya mai ciwo. Lancia Gamma ta Italiya, wadda ta fito a 1976, an ɗaura famfon sitiyarinta a kan kamshaf na ɓangare ɗaya. In direba ya tayar da ita da sanyin safiya sitiyari na murɗe har ƙarshe, nauyin famfon na iya sa bel ya tsallake haƙora. Mota ce mai kyawun gani, amma wannan kuskuren tsari ɗaya ya ɓata mata suna. Porsche 928 kuwa, wadda bel ɗinta ya haura mita 2 a tsawo, ya ratsa famfon ruwa da famfon mai, daga tsakiyar shekarun 1980 sai da aka saka mata fitila a gaban direba da ke kunnawa in bel ya saki. A Porsche 944, littafin gyara ya tanadi a dawo da mota a sake ɗame sabon bel bayan ta ɗan yi tafiya. Injiniyoyin Jamus ba su ɗauki bel a matsayin abin da ake sakawa a manta ba.

Hujjar kowane ɓangare

Masu cewa shekara 3 ta yi kaɗan ba mutanen banza ba ne, kuma ya kamata a saurare su. Suna nuni da Honda NSX, motar Japan da ta fito a 1990 ta girgiza Maranello, wadda injinta ke kai zagaye 8,000, amma aka ba ta wa'adin shekara 6 ko mil 90,000, kusan kilomita 145,000. Suna cewa kamfanonin da ke yi wa Ferrari bel su ne dai ke yi wa sauran motoci, kuma babu dalilin da zai sa roba ta mutu da wuri don kawai an manna mata hoton dokin tambarin Ferrari. Suna kuma cewa dila ba zai ƙi wa'adin da ke dawo masa da mota duk shekara 3 ba.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta haɗarin aikin kansa. Motar da ta ba shekara 25 baya, wayoyinta sun bushe, robobin mahaɗar lantarki sun yi rauni, bututu sun yi tauri. Duk saukar inji sai an taɓa su duka. Mahaɗa ɗaya ta karye, ko a ɗaure wani maɗauri a karkace ya riƙa gogar bututun fetur kusa da wuri mai zafi, an buɗe ƙofar matsalar da ta fi wadda ake gudu. Makanikai da dama na cewa injinan da suka gani sun lalace, wasu ba tsohon bel ne ya kashe su ba, sabon da aka saka ba daidai ba ne. In an ɗame shi fiye da kima, zai riƙa kuka yana cinye boris. In an bar shi sako-sako, zai riƙa kaɗawa har ya tsallake. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Duk da haka, ban yarda da kwatancen NSX ba. Wa'adin bel ba ya ƙaura daga wannan inji zuwa wancan. Girman fuli, yawan lanƙwasar da bel ke yi a kowane zagaye, ƙarfin sifirin ɗin bawul da yake turawa, zafin da ke kewaye da shi, duk sun bambanta. Honda ta gwada nata a kan injinta, sakamakon kuma nata ne.

Hujjar "na cire shi kamar sabo" ma ba ta gamsar da ni. Ido na ganin tsagewa a bayan bel, da ƙyallin da zafi ke bari, da zare da ya fara fita a gefe. In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, magana ta ƙare, a sauya. Amma rashin ganinsu ba ya wanke bel, domin igiyoyin gilashin a ciki suke, gindin haƙori kuma yana iya raunana ba tare da wata alama a waje ba. Sannan a lura da su wa ke ba da labarin. Wanda nasa ya kai shekara 9 lafiya zai faɗa wa kowa. Wanda nasa ya ɓare a shekara ta 7 yakan gyara a ɓoye ya yi shiru, domin wata rana zai so sayar da motar, kuma ba ya son a ce ita ce wadda injinta ya taɓa bugawa. Kunnenmu ya fi jin ɓangare ɗaya.

Ra'ayina shi ne wannan. Ga F355 da aka san tarihinta, wadda ƙwararre ya yi wa aikin ƙarshe da sababbin boris da sil, ba ta yoyon mai, ana hawanta a kai a kai har ta yi zafi sosai, ana kuma ajiye ta a wuri mai inuwa da bushewa, shekara 5 wa'adi ne da mai hankali zai iya tsayawa a kai, amma a matsayin iyaka, ba mafari ba. Wanda ke kai tasa filin tsere yana riƙe ta a zagaye 8,000, ko wanda ya ga ɗigon mai a ƙasan marfin bel, ko ya fara jin wani siririn kuka daga gaban inji da safe, shekara 3 ce tasa, ko ma ranar da ya ga alamar. Abin da ya wuce 5 kuwa caca ce, kuma abin da aka aza a faifan ya ninka abin da ake son tsimi sau da yawa. Mai jinkirtawa shekara 2 kuɗin sabis yake tsimi. In ta ƙi, injin da ba a ƙara ƙera irinsa ba zai biya.

Yanayin ƙasa ma yana cikin lissafi. Wa'adin da ya dace da garejin Ingila ko Jamus ba lalle ya dace da Dubai ba, ko da 'yan ƙalilan irin waɗannan motoci da ke Legas da Abuja. Inda zafi ke haura digiri 40 a bazara, ƙurar hunturu kuma ke shiga ko'ina ta zauna a tsakanin haƙora tana gogewa, ni ƙaramin wa'adin zan ɗauka. Kamfanonin mota da kansu suna rage wa'adin sabis ga ƙasashe masu zafi da ƙura.

In an sauke, me ake yi?

Tunda ladan aiki ne ya fi tsada, sauke inji don bel kaɗai asara ce. Boris na tenshina dole su tafi tare da bel, ko da suna juyawa sumul a hannu. Haka sil-sil na kamshaf da na gaban karanshaf, da gasket na marfin bawul. A duba famfon ruwa, a duba duk bututun ruwa da na fetur da hannu ba ya kaiwa in inji na ciki. F355 tana da cututtukanta da aka sani: bututun hayaƙi na bakin inji suna tsagewa, sannan a wasu, musamman na farko-farko, hanyar da bawul ke hawa da sauka a ciki, wadda aka yi da tagulla, tana saurin cinyewa. Lokacin da inji ke ƙasa ne ake auna matsin kowace silinda a san gaskiyar lafiyarta.

Wasu garejoji suna da gajeriyar hanya: su sauke tankin mai maimakon inji, su yi aikin ta ƙasa a ɗan wurin da ya samu. Yana yiwuwa, kuma yana rage kuɗi. Amma ido ba ya ganin komai ta nan, kuma daidaita kamshaf yadda ya kamata yana wuya. Alamomin da aka zana a jikin kamshaf na Ferrari na kusantarwa ne kawai. Mai son aiki tsaf sai ya ɗaura faifan auna digiri a karanshaf da agogon awo a kan bawul, ya saita kowane kamshaf da ƙananan ramukan da ke jikin fulinsa. Ɗamewar bel kuma ba da yatsa ake gwada ta ba. A da akwai wani ma'auni na hannu mai suna Staeger. Yanzu ana kaɗa bel ɗin ne, wata na'ura ta saurari sautin da ya bayar ta nuna lamba, a gwada da wadda littafi ya faɗa. Bayan an gama, sai a juya inji da hannu zagaye biyu cikakku, a tabbatar babu inda ya cije kuma alamomi sun dawo wurinsu, kafin a kusanci makulli.

Shi kansa sabon bel sai an tambayi asalinsa. Kayan motar da ba ta da yawa ba sa saurin ƙarewa a kanti, don haka wanda ke cikin kwali yana iya kasancewa ya shekara da yawa a kan kanta, rana na dukansa. Masu ƙerawa suna buga lambar da ke nuna lokacin da aka yi shi, kuma makanike nagari yana dubawa. Ba a lanƙwasa shi da ƙarfi, ba a murɗe shi, ba a tura shi kan fuli da sukundireba, domin zaren gilashi in ya karye a ciki babu mai gani. Akwai jabu kuma, da kwali mai kyau da tambari, musamman a cinikin intanet. Araha ba ta ado a nan ko kaɗan.

Tsakanin sabis da sabis, abin da ya fi yi wa bel amfani shi ne a hau motar. Tayar da ita a gareji ta yi minti 5 tana aiki a tsaye ba ya wadatarwa, domin mai bai yi zafin da zai kori danshi ba. A fita da ita titi, ta yi zafi, boris su juya, sil su jiƙa. Sau ɗaya a shekara kuma a ɗaga ta a leƙa da fitila ko da ƙaramar kyamara mai doguwar waya, a nemi mai, a nemi baƙin garin roba a cikin marfi.

Takarda da ranar sabis

Wanda ya saba karanta bayanan motoci a manyan gidajen gwanjo irin su RM Sotheby's da Bonhams zai lura cewa da wuya a kawo F355 ko Testarossa ba a ambaci ranar da aka sauya mata bel ba. Ranar ta zama wani ɓangare na farashi. Mai saye yana cire kuɗin sabis daga tayinsa in wa'adi ya kusa, don haka wasu masu motar suna bin shekara 3 ba don tsoron roba ba, sai don kada littafin sabis ya nuna giɓi. Wannan dalili ne na kasuwa, kuma halal ne, muddin mutum ya san shi yake bi.

Amma hatimi a littafi ba ya faɗin komai game da abin da aka yi. Rasit mai dalla-dalla ake nema, wanda ya nuna lambobin kayan da aka saka, da ko an sauya boris da sil, da sunan garejin, in da hali har da hotunan injin a ƙasa. Aikin da mai sayarwa ya yi a gurguje mako biyu kafin ya kai mota kasuwa ya fi cancantar tambaya fiye da wanda aka yi shekara 2 baya a hannun gwani, domin mai shirin rabuwa da mota ba shi da dalilin biyan kuɗin abin da ba a gani.

Akwai yanayi guda da babu muhawara a kansa ko a tsakanin waɗanda suka fi kowa sassauci. Shi ne motar da ba a san ranar bel ɗinta ba: wadda aka gada, ko aka tsinta a rufe a garejin wani bayan shekaru, ko aka shigo da ita daga wata ƙasa ba takarda, mai sayarwa yana rantsuwa cewa kwanan nan aka yi. Sha'awar sabon mai ita ita ce ya saka batir ya murɗa makulli ya ji kukan injin ko sau ɗaya. Wannan murɗawar ta farko, a kan busasshiyar roba da ƙafaffen boris da kamshaf da mai ya daɗe da tsiyayewa daga jikinsa, ita ce mafi haɗari a rayuwar injin. Irin wannan mota ba a tayar da ita. Turawa ake yi a hau da ita bayan babbar mota, a kai ta wurin wanda ya san aikin, a sauke injin, wa'adi ya fara ƙirguwa daga ranar da aka rubuta a sabon rasit.